Mota-gida ko tirelar fifwil? Shawara nake nema kafin zafi ya shigo

Baban Hanifa (Maryland):
Assalamu alaikum jama'a. Tun bara yara suke damuna da maganar zuwa gandun shaƙatawa na Yellowstone, ni kuma in na lissafa kuɗin jirgi da otal da hayar mota na mutum shida sai kaina ya ɗau zafi. Shi ne tunanin RV ya shigo, wato gidan tafi-da-gidanka mai tayoyi. A watan Satumba muka je baje kolin da ake yi a Hershey, muka shiga wannan muka fita wancan har ƙafa ta gaji. Abu biyu ne suka tsaya mana a rai: mota-gida, wadda inji da ɗaki suke haɗe, da kuma tirelar fifwil, wadda ake ɗora wuyanta a bayan a-kori-kura. Uwargida tun da ta ga kicin ɗin tirelar ta ce ita fa ta gama zaɓe. Ni kuma mota-gidan ta fi kwanta mini. Ina da a-kori-kura F-150, wani dila ya ce mini za ta ja tirelar ba matsala. Yaranmu huɗu, ƙaramar shekararta 2. Waɗanda suka san harkar, don Allah a taimaka.

Ɗan Damagaram (direban tirela, Indiana):
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a je ko'ina, wannan dilan so yake ya sayar. Kusan kowace mota za ta "ja". Tambayar ita ce za ta ɗauka? Fifwil ba a bayan mota take rataye ba, a kan gadon motar take zaune, daidai saman aksil ɗin baya, irin yadda bodin tirela yake hawa kan faranti a motocinmu. Kashi 20 cikin 100 na nauyinta, wani lokaci har 25, a kan a-kori-kurar yake sauka. Je ka buɗe ƙofar direba, akwai wata takarda mai launin rawaya da fari a jikin ginshiƙin ƙofar, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Turo mini lambar, da nauyin tirelar da kuka gani in an cika ta.

Hajiya Maman Sadik (Houston):
Baban Hanifa sannu da ƙoƙari. Mu ƙaramar mota-gida gare mu, ajin C, mai gado a saman kan direba, ƙafa 28. Abin da ya sa ban yarda da tirela ba abu ɗaya ne: hanya. Daga nan zuwa Colorado tafiya ce ta kashe jiki, kuma yaro ba ya jin fitsari sai an wuce gidan mai. A mota-gida Alhaji ya ɗan ratse gefe, yaro ya shiga bayi, na ɗumama shinkafa, mu yi alwala mu yi salla, mu ci gaba. Ko ruwan sama ake yi ba wanda zai jiƙe. In muka isa da dare kuwa, a kashe inji, a ja labule, an sauka ke nan.

Kawu na Bronx:
Ikon Allah. Mun baro zango a Kumasi mun zo ƙasar da ke da wuta da famfo, yanzu kuma 'ya'yanmu kuɗi za su biya su je su kwana a daji. Ɗana, nawa ne kuɗin abin nan?

Baban Hanifa (Maryland):
Kawu ranka ya daɗe, ta hannu nake nema ba sabuwa ba 😂

Kawu na Bronx:
Ban tambaye ka sabuwa ko tsohuwa ba. Nawa?

Baban Hanifa (Maryland):
Ɗan Damagaram ga lambar: laba 1,740 aka rubuta. Tirelar kuma in an cika ta laba 12,000 ce, ƙafa 36. Kawu, kuɗin dai zai sayi fili mai kyau a gida, ba zan ɓoye maka ba.

Ɗan Damagaram (direban tirela, Indiana):
To mu yi lissafi tare. Kashi 20 na 12,000 shi ne 2,400. Farantin da za a ɗaura a gadon motar shi kansa ya kusa laba 200. Kai da uwargida da yara huɗu da kujerun yara da jakunkuna, mu ce 700. Ka ga an haura 3,000, wato sama da kilo 1,400, a motar da aka ce kada ta wuce 1,740. Ba ƙaramin wuce iyaka ba ne wannan, kusan ninki ne. A shimfiɗaɗɗiyar hanyar Ohio ba za ka ji komai ba. Ranar da za ka gane ita ce ranar da kake gangarowa daga duwatsun Wyoming, birki ya yi zafi, tayoyin baya suna ɗauke da abin da ba a yi su dominsa ba.

Wannan tirelar babbar a-kori-kura irin F-350 take so, ko Ram 3500, ko Silverado 3500. Wata F-250 ɗin ma in mai dizal ce ba za ta isa ba, don nauyin injin yana cinye rabon kaya. Saboda haka in ka ce tirela ta fi araha, ka haɗa da kuɗin canza mota. Kuma in gadon motarka gajere ne, sai ka sa faranti mai zamewa baya, in ba haka ba ranar da ka karya kwana sosai kusurwar tirelar za ta fasa maka gilashin baya. Na ga wannan da idona a wani gidan mai, mutumin yana tsaye riƙe da kai.

Duk da haka in ni ne, tirelar zan saya. Ba ta rawa a hanya kamar wadda ake ja da ƙugiyar baya, ribas ɗinta ya fi sauƙi in hannu ya saba, kuma inji ɗaya kake kula da shi.

Anti Nas (yanzu a Arizona):
Ni a cikin fifwil nake zaune, ba hutu nake zuwa da ita ba. Aikin jinya na kwantiragi nake yi, mako 13 a asibiti ɗaya sannan na ƙara gaba. Abin da zan ce wa Maman Hanifa shi ne idonta bai yaudare ta ba. Tirela gida ce. Rufinta da tsawo, ɗakin kwana yana sama da ƙofarsa, in aka buɗe ɓangarorin gefe falon yana ɗaukar sahu biyu na salla. Ina tuƙa tuwo a kicin ɗina ba tare da gwiwar hannuna ta bugi bango ba. In na isa wuri na sauke ƙafafunta, na zare motar, shi ke nan ina da abin zuwa aiki da kasuwa.

Hajiya Maman Sadik, ku in gishiri ya ƙare a sansani yaya kuke yi? Sai an naɗe wayar wuta, an cire tiyo, an shigar da rumfa, an tafi kanti da gidan gaba ɗaya.

Hajiya Maman Sadik (Houston):
Anti ai ba a barin gishiri ya ƙare 😄 Amma gaskiyarki, wannan ita ce matsalarmu. Wasu suna jan ƙaramar mota a baya, yawanci Jeep Wrangler don tana jawuwa da tayoyinta huɗu a ƙasa. Sai dai ba kowace mota ake ja haka ba, kuma in ka haɗa ta ba ka isa ka yi ribas ba sai ka kwance. Mu dai in wurin da nisa da gari, mota muke haya ta kwana biyu.

Injiniya (Minnesota):
Ina ganin an tsallake tambayar da ta fi kowace: tafiya za ku riƙa yi ko zama? Wanda zai kwana nan yau, gobe can, jibi wata jiha, mota-gida ce tasa, domin haɗa tirela da kwance ta da daidaita ta kullum aiki ne. Wanda zai je bakin tafki ya yi mako biyu bai motsa ba, tirela. Baban Hanifa ma'aikaci ne, hutunsa na shekara bai wuce 'yan makonni ba. Daga Maryland zuwa Yellowstone ya kai mil 2,000. Zuwa da dawowa kaɗai za su cinye fiye da rabin hutun.

Sai man fetur. Ajin C tana yin mil 8 zuwa 10 a galan, manyan ajin A (masu kama da bas) masu fetur ba su kai haka ba. Mil 4,000 a kan mil 8 galan 500 ke nan. In galan ya kama dala uku da rabi, dala 1,750 ta tafi, ba a biya wurin kwana ko ɗaya ba. A-kori-kura mai dizal tana jan tirela za ta ɗan fi haka, amma ba da nisa ba, kuma dizal ya fi tsada. Duk wanda ya shiga harkar nan don ya rage kashe kuɗi zai sha mamaki.

Kawu na Bronx:
Yauwa. Allah ya yi maka albarka Injiniya. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Injiniya (Minnesota):
Kawu ban ce kada ya saya ba fa. Ni ma ina da ita. Na ce dai ba tsimi ba ne.

Ƙarin abu: watanni nawa za ta yi a ajiye? Mu nan daga Oktoba zuwa Afrilu ba ta motsi. Sai an zuƙe ruwan bututu duka an ɗura maganin daskarewa mai ruwan hoda, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa su. Mota-gida kuma inji ne da giya da janareta suke zaune suna lalacewa a banza, batir yana mutuwa, ɓeraye suna cin waya, inshora tana tafiya. Tirela akwati ce kawai a kan taya, zama ba ya cutar da ita kamar haka. Ka kuma duba dokar unguwarku, da yawa ba sa yarda a ajiye RV a ƙofar gida, sai ka kama wurin ajiya kana biya duk wata.

Baban Hanifa (Maryland):
Na gode ƙwarai. Akwai abin da ban faɗa ba: Hajiyata takan zo daga Kano ta yi mana watannin zafi, kuma ba yadda za a yi mu tafi mu bar ta a gida.

Ɗan Damagaram (direban tirela, Indiana):
Haba Malam, ai da wannan za ka fara! Ku bakwai ke nan. A-kori-kura mai ƙofa huɗu mutum biyar take ɗauka, shida in kujerar gaba doguwa ce. Ina za ka sa na bakwai?

Baban Hanifa (Maryland):
Ba a zama a cikin tirelar in ana tafiya?

Ɗan Damagaram (direban tirela, Indiana):
Kada ma ka fara. Akwai jihohin da dokarsu ta bari da sharuɗɗa, akwai waɗanda suka hana, kuma kai jihohi da yawa za ka ratsa. Bar ma maganar doka. Babu bel a ciki, bangon katako ne siriri da soso da fallen roba, kuma girgizar da ake sha a ciki ba a magana. Ka ajiye kofi a kan tebur ka yi tafiyar awa ɗaya ka zo ka ga inda yake. Nan za ka sa Hajiya?

Hajiya Maman Sadik (Houston):
To kun gani. Magana ta dawo kan mota-gida.

Anti Nas (yanzu a Arizona):
Hajiya ki dakata, ba ta dawo ba tukuna. Yarinya 'yar shekara 2 fa? Kujerar yara ana ɗaure ta ne a mazaunin da ke kallon gaba, mai bel na kirki. A yawancin mota-gida kujeru biyu na gaba ne kaɗai aka yi su da ƙa'idar mota. Na baya benci ne na teburin cin abinci, bel ɗin na ƙugu ne kawai, doguwar kujerar kuma gefe take kallo, ba a ɗaura kujerar yaro a kanta. Ga firji da kabad da tukwane duk a bayan kan yaran. Na yi aiki a sashen gaggawa, ba na son na yi dogon bayani. A a-kori-kura kowane yaro yana cikin mota ta gaske, wadda aka gwada ta da karo.

Kuma wannan daɗin da ake faɗa na yaro ya tashi ya shiga bayi ko ya kwanta a gado ana tafiya, shi ne ainihin haɗarin.

Hajiya Maman Sadik (Houston):
Ni dai na ce Alhaji yana ratsewa ya tsaya, ban ce ana tafiya ba. Tamu kuma tana da maɗaurin kujerar yara a bencin da ke kallon gaba, mun duba kafin mu saya. Amma ban musa miki ba, ba ta kai mota ba.

Malam Mai Almajirai (Philadelphia):
Salamu alaikum. Ni ban san inji ba, abu ɗaya zan tunatar. Waɗannan dilolin ba farashi suke faɗa maka ba, "nawa za ka iya biya a wata" suke tambaya, sai su shimfiɗa maka bashi na shekara 15 ko 20 da kuɗin ruwa. Gidan zama ma malamai suna ta kai-komo a kansa saboda lalura, to ina ga abin shaƙatawa? In da hali a saya da kuɗi hannu, in babu a haƙura ko a yi haya. Fita da iyali a ga ƙasa a ga ikon Allah abu ne mai kyau, ban hana ba.

Injiniya (Minnesota):
Ko ta fuskar lissafi maganar Malam daidai ce, domin darajar abin tana faɗuwa da sauri fiye da yadda bashin yake raguwa. Amma yanzu kasuwar ta hannu tana da sauƙi. Lokacin korona kowa ya ruga ya saya, a 2021 kamfanoni sun fitar da RV sama da 600,000, abin da ba a taɓa yi ba, zuwa 2023 ya faɗo kusan rabi. Da yawa cikin waɗanda suka saya a lokacin yanzu neman mai karɓa suke yi. Sai dai a yi hattara da ƙirar waɗannan shekarun, an yi su cikin gaggawa.

Ko wacce za ka saya, ruwa ne babban abokin gaba. Hau rufin da kanka ka duba duk inda aka liƙe. Danna bango kusa da tagogi, taka ƙasa a bakin bayi, in ka ji laushi juya ka tafi. Buɗe kabad na sama ka shinshina. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka, shekarunta za ka duba: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta haura shekara shida sa kuɗin sababbi a cikin cinikin. Akwai masu duba RV da ake biya, kuɗinsu bai kai na gyaran rufi ba.

Ɗan Damagaram (direban tirela, Indiana):
Gaskiya ne. Ina yawan ɗaukar kaya a Elkhart, inda ake ƙera mafi yawansu, sunaye barkatai amma kamfanoni ƙalilan ne suka mallake su, Thor da Forest River su ne manya. Firji da murhu da tagogi duk wuri ɗaya ake saro su. Kada sunan da aka manna a jiki ya sa ka ƙara kuɗi.

Tun da a Maryland kake, riƙe waɗannan. Ramukan mota na ƙarƙashin ruwa biyu na Baltimore, Fort McHenry da Harbor, ba a shiga da tukunyar gas da ta wuce laba 10, taka kuwa ta wuce. A da gadar Key ake bi, tun da ta rushe a Maris 2024 sai dai ka zagaya ta yammacin babbar hanyar 695. In za ka je wurin Kawu, kada ka kuskura ka hau hanyoyin parkway na New York, gadojinsu gajeru ne, fifwil kuwa tsayinta ya kai ƙafa 13. Ka kuma tambayi ofishin lasisi, domin in jimillar nauyi ta haura laba 26,000 wasu jihohi, har da Texas da Maryland, wani ajin lasisi suke nema ko da ba haya kake yi ba.

Kawu na Bronx:
Wurina kuma? Ina zai ajiye ta, a kan rufin bene? Ya zo da jirgin ƙasa kamar kowa.

Anti Nas (yanzu a Arizona):
Tsawo ma abin dubawa ne. Sansanonin gandun gwamnati tsofaffi ne, an yi su tun motoci suna ƙanana, ƙafa 36 da a-kori-kura a gaba ba ko'ina za ta shiga ba. A cikin Yellowstone wuri ɗaya ne tak mai wuta da ruwa da magudana, Fishing Bridge, kuma ana kama shi tun watanni kafin lokaci. Sauran da tankinka za ka dogara.

Mu kuma mutanen ruwa ne. Mutum bakwai, alwala sau biyar, ga wanke-wanke, tankin ruwan wanka zai cika kafin ku ankara. Ni buta nake cikawa na fita waje na yi alwala in ba sanyi. Abin da ya yi mana daɗi shi ne tsarki da ruwa ya fi dacewa da tankin bayi, don takarda ce take toshe shi. Amma fa wani ne zai sa safar hannu ya ja tiyo ya zubar da shi. A yanke wannan tun a gida.

Maman Hanifa (da wayar Abban Hanifa):
Assalamu alaikum, ni ce uwargidan da ake ta magana. Na karanta duka. Anti, tambayata ba ta inji ba ce. Ni da hijabi, ga Hajiya ba ta jin Turanci, ga mu baƙaƙe, a ƙauyukan da ba a saba ganin irinmu ba. Yaya kike ji ke kaɗai?

Anti Nas (yanzu a Arizona):
'Yar'uwa, ba zan ce miki ba a kallona ba, ana yi. Akwai wurin da na shiga na ga tutocin da aka kafa, jikina bai ba ni ba, da safe na ƙara gaba. Amma yawancin maƙwabtana tsofaffi ne 'yan fansho, abin da ya dame su shi ne su nuna miki yadda ake yin ribas ko ba ki tambaya ba. Wata tsohuwa ƙamshin miyar kuka ya jawo ta har ƙofata, da daddawa da komai ta cinye. Na fi son gandun jiha da na tarayya, akwai ma'aikata kuma iyalai ne suka fi yawa. Ina karanta sharhin mutane kafin na kama wuri, kuma ina isa da rana.

A nan kam zan ba Hajiya Maman Sadik gaskiyarta: a mota-gida in hankalinki bai kwanta ba cikin dare, daga gado sai sitiyari, ba sai an fita waje ba.

Maman Hanifa (da wayar Abban Hanifa):
Na gode Anti. Kicin ɗin nan dai har yanzu yana raina, amma ba zan tuƙa wata mota daban ina bin tirela a baya har Wyoming ba, kuma ba za a bar Hajiya ba. Abban Hanifa, mu yi haya tukuna.

Hajiya Maman Sadik (Houston):
Haka ya fi. Kamfanin Cruise America suna ba da hayar ajin C, ko ku duba Outdoorsy da RVshare inda masu abin suke bayarwa da kansu. Ku tafi da kujerar yarinyar ranar da za ku duba, ku ɗaura ta ku gani kafin ku biya, ku kuma ƙirga bel ɗin ya kai bakwai. Assateague tana kusa da ku, ga teku ga dawakan daji, sai dai ku rufe abinci don dawakan ɓarayi ne, ku kuma riƙe maganin sauro.

Baban Hanifa (Maryland):
To an gama, in sha Allah. Amma ni Shenandoah na so, Hajiya ta ga duwatsu.

Ɗan Damagaram (direban tirela, Indiana):
In Shenandoah ne, akwai rami a kan Skyline Drive kusa da Thornton Gap, Marys Rock, tsayinsa ƙafa 12 da inci 8. Tambayi mai motar tsayinta har da na'urar sanyaya ɗakin da ke kan rufi, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Sansanoninsu kuma ba wuta ba ruwa a wurin fakin, ka cika tanki kafin ka hau.

Kawu na Bronx:
In kun dawo ku faɗa mana wanda ya zubar da tankin.